Ƙoƙon Farko na Tukunyar Lado

A shekarun da 'yan bindiga suka hana mu noma, mutum biyu ke dafa giya mai ƙarfi a ƙauyenmu na bayan Ruma, Daudu da Lado. Daudu kan leƙa bakin daji ya tsinto 'ya'yan tsada da kanya da ɓawon taura ya zuba a tukunya, tururin ya bi bututu ya ɗigo fari tas, ƙamshi har bakin hanya. Daga Safana ake hawo babur a saya. Ta Lado kuwa sai wanda ya rasa ta Daudu. Na san Lado sarai, hassada ce ta ci shi, ba yunwa ba. Ko dariya ya jiyo a rumfar Daudu sai tuwo ya fita ransa.

Da rana tsaka ya sami wani boka a gindin dutse. Tsafinsa tsohuwar tukunya ce kife ƙarƙashin busasshen marke, jini ya daskare a kanta, gashin baƙaƙen kaji ya manne, amma ko ƙuda ɗaya ba ya sauka.

"So nike rumfar Daudu ta koma kango," in ji Lado.

Boka ya miƙa masa wata baƙar saiwa. "Jefa wagga a tukunya. Amma ƙoƙon farko na kowace kaka na dodo ne, da wanda ya sha shi."

"Baba, ai mai tukunya ka fara sha gaban jama'a, haka muka gada."

"Ɗan gida ma yana ɗanɗanawa a madadin maigida. Ba ka da mutane?"

Lado ya karɓa.

Kafin damina ta zagayo babura sun koma ƙofarsa, ya yi rufin kwano, ya sayi shanu. Ƙaninsa Sahabi, wanda ya sha ƙoƙon farko, ya kwanta bai tashi ba. Kaka ta gaba Indo matar Lado ta sha, ta wayi gari tana hira da tukwane, har ta faɗa rijiya. Sauran 'yan gida suka watse.

Daudu ya zo gaisuwa da 'ya'yansa, duk ransu, duk lafiyarsu. Ganinsu ya fi mutuwar Indo ƙona wa Lado rai. Ya ɗebo ƙoƙon farko na sabuwar kaka ya miƙa wa Daudu.

Daudu ya ce, "Ni baƙo ne, ɗan'uwa. Bisimilla, fara."

Rumfa cike take, kowa na kallon Lado. In ya ƙi, asiri ya tonu. Ya sha.

Yau Lado na bakin daji tsirara, yana tonon saiwoyi da farce yana taunawa. Daudu na nan yana sayar da tasa. Duk wanda ba ya son ganin tukunyar maƙwabci tana tafasa, ya sani da mutanen gidansa zai hura tasa, in sun ƙare ya shiga da kansa.