Auta Ta Manta da Mominta

Kafinta ya dawo cin abincin rana ya tarar da falo kaca-kaca. Matarsa ta sauke labulayen gidan kaf, tana yanka su da almakashi tana waƙa.

"Masoyi, zo ka gani! Riguna goma zan ɗinka wa Mimi yau-yau, gobe in buɗe shago!"

Mimi, 'yarsu mai shekara biyar, tana ƙarƙashin tebur, ta toshe wa ƙanwarta Auta baki don kada ta yi kuka.

Kwana huɗu matar ba ta zauna ba. A na biyar ta kwanta ta fuskanci bango, ko ruwa sai an ɗura mata. Auta ta hau gadon tana jan zanenta, "Momi! Momi!" ko motsi ba ta yi ba. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai hawa da sauka, magani yana lallaɓa shi amma ba ya raba mutum da shi.

Sai ga yayar Kafinta da jaka a hannu.

"Ƙanena, ka sake ta! Dubi yaran nan, ko dariya sun manta."

"Yaya, ciwo ne fa, ba hali ba. Ina son matata."

"To tambayi 'yarka."

Ya durƙusa. "Mimi, za ki bi Gwaggo?"

"Dadi, filis... in na tafi, wa zai riƙa ɓoye almakashi?"

Hawaye suka ɓalle masa. Da hannunsa ya zuba kayan yaran a jakar don Gwaggo ta tafi da su, amma takardar saki ya ce ba zai rubuta ba.

Wata takwas yana ba matar magani kowace safiya kafin ya tafi shago. Ta samu sauƙi, suka je ganin yaran. Auta na hango ta ta ruga bayan Gwaggo tana cewa, "Momi, ɗauke ni!" Matar ta dafe ƙirji.

Mimi ta daɗe tana karantar fuskar uwarta. Can ta matso a hankali ta miƙa mata ƙafa.

"Ɗaura min takalmi."

Ta ɗaura mata. Iyakar abin da suka samu ke nan ranar, suka koma gida su biyu.

Haƙuri ya tsare wa Kafinta aurensa, sai dai ya makara wajen nema wa matarsa magani. Mai irin wannan ciwo a gaggauta kai shi asibiti, tun yara ba su koyi tsoron wadda ta haife su ba.