Bayan Labulen Gado na Huɗu

Ta fara ganinsa ne a ɗakin maza na asibiti, yana turo teburin wanka mai taya: robar ruwan ɗumi, sabulu, tawul. Dogo ne, farar rigarsa ta ɗalibai ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Ita tana zaune gefen gado na huɗu, inda babanta, tsohon hedimasta, yake kwance tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi.

"Sannu da zuwa, Likita," ta ce.

"Ba likita ba ne. Ɗalibi ne, aikin nas nake koyo."

"To Ɗalibi, me za ka yi masa?"

"Wanka. Ki ɗan ba mu wuri."

Ta fita, ya ja labule.

Wanka da canza zanin gado da kwashe fo, duk na ɗalibai ne. Marasa lafiya suna ce masa Likita, likitoci suna ce masa "kai". Sista, shugabar ɗakin, in ya yi tambaya sai ta ce ai shi ba yaro ba ne, in ya yi abu bai tambaya ba sai ta ce wa ya aike shi. Abokan karatunsa Dogo suke kiransa. Wannan duka a bencin baranda ya gaya wa Auta, sunan da ake kiranta da shi a gida ke nan. Ta zuba masa shayi a murfin fulas, ba ta tausaya masa ba, dariya ta yi. Ya karɓi lambarta.

"'Yar gado na huɗu, kin isa gida?"

"Na isa, Ɗalibina. Sista ta cinye ka yau?"

"Ta rage ƙashi."

"Ajiye mini, ina so."

Hedimasta ya samu sauƙi, aka sallame shi yana dogara sanda. Da aka kwana biyu Dogo ya turo kawunsa neman izini. Aka ba kawun ruwa ya sha, aka ce masa a'a.

Mama ta zaci aikin yaron ne aka raina. Hedimasta ya ce ba shi ba ne.

"Yaron nan ya ɗaga ni kamar jariri. Ya goge mini abin da ke ma ban yarda kin gani ba. Shi zan riƙa sunkuyar wa da kai a gidana? Ran da ya yi fushi da 'yarki, ni zan zama hirarsa da abokai." Ya gyara sandarsa. "Ga ɗan abokina mai kemis nan. Bai taɓa ganina ba hula ba."

Auta ta kai wa Dogo maganar yadda take, ba ragi.

"In aikin ne matsalar, sai in bari," ya ce.

"Ka bari ka zama me? Ai wankan an riga an yi shi."

Bai bari ba. Ya ci gaba da jan labule, Sista ta ci gaba da faɗa. Mai kemis ya fara zuwa gidan da ledar magungunan hawan jini. Auta tana karɓa, tana godiya, tana rufe ƙofa.

Wata ranar hutu Dogo ya shiga shagon aski. Sai ga Hedimasta a benci tsakiyar tsofaffin malamai abokansa, waɗanda ya gaya wa cewa jiri ne kawai ya ɗan taɓa shi. Suka haɗa ido. Dogo ya yi sallama ta kowa da kowa, ya zauna aka yi masa aski, ya fice. Ko waiwaye bai yi ba.

Hedimasta ya dawo gida yana huci. "Ga wanda kike so! Ya kalle ni kamar bango."

Auta ta shiga ɗaki ta rubuta: "Ka ga Baba ba ka gaishe shi ba? Anya kana son auren nan?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Na gan shi. Haka aka koya mana: wanda ka yi jinyarsa, in ka same shi cikin mutane, ba ka san shi ba sai in shi ya fara nuna ya san ka. Da na durƙusa, da sun tambaye shi ina ya san ni. Sai da na fito na tuna ba majinyacina kaɗai ba ne, babanki ne. Ki yafe mini, 'yar gado na huɗu."

Ta kai wa babanta wayar. Ya sa tabarau ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa.

"Wawan yaro," ya ce. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Ki ce kawunsa ya dawo."

Bayan jarrabawar ƙarshe aka ɗaura aure. Sista ta zo, ta ce wa Auta mijinta bai iya naɗe kusurwar zanin gado ba, amma hannunsa na da sanyi, ta riƙe shi da kyau.

Da jama'a suka fito, Hedimasta yana zaune a ƙofar gida tare da abokan nan na shagon aski. Dogo ya tsaya daga nesa, ya rasa gaba zai yi ko baya.

Hedimasta ya ɗaga sanda.

"Nas! Zo nan. Na san ka."

Dogo ya zo ya durƙusa. Tsohon ya ɗora masa hannunsa mai lafiya a ka.

"Allah ya yi muku albarka. Yadda ka rufa mini, Allah ya rufa muku."