Makwancin Ahnaf

"Ko ka karɓe na'urar nan daga hannunta, ko ni in shiga in karɓa!" in ji Inna Gwamma, ta tare ɗanta Halilu a tsakar gida. "Mace da ranta ta zauna tana gina maƙabarta? Mugun fata take mana?"

"Inna, ki yi haƙuri... wasa ne fa."

"Wasa da mutuwa?"

Halilu ya sunkuyar da kai. Shi ya sayo wa matarsa Badi'a kwamfutar, aka sa mata wasan nan da ake gina gida, a ƙirƙiri mutane su yi aure su hayayyafa, ko za ta rage damuwa. Wata huɗu ke nan da rasuwar jaririnsu Ahnaf, kwanansa biyu a duniya. Tana kwance a asibiti a Gwarzo, ba ta san inda kanta yake ba, aka kai shi garinsu Durun aka rufe.

Ya same ta zaune a kan darduma, duk ta rame. A fuskar kwamfutar ga katanga, ga bishiyoyi, sai fili fetal.

"Badi'ata, Inna ta ce..."

"Na ji ta. Ɗauka. Dama na kasa gamawa."

"Me kika kasa?"

"Ban san inda zan kwantar da shi ba." Ta tura masa kwamfutar. "Kowa cewa yake in yi haƙuri, kuma na yi. Amma mu mata ba ma zuwa maƙabarta, kai kuma in na tambaye ka sai ka zari takalmi ka fice. Wata tara yana cikina, Yaya Halilu... ban san ko a inuwa yake ko a rana ba!"

Shi a ganinsa shirun da yake yi tausaya mata ne.

Ya zauna har kafaɗarsu ta haɗu.

"A inuwa yake, masoyiyata."

Ta juyo da sauri.

"Matso da bishiyar nan gabas. Tsamiya ce babba. In kin shiga ƙofa, hannun dama, kusa da kakana."

Duwatsun kabarin da ke cikin wasan duk na Turawa ne, sai ta ɗauko 'yar kunyar shuka ta lambu ta ajiye.

"Rage tsawon... bai kai haka ba. Ni na ɗauke shi, Badi'a. A tafin hannuna biyu ya tsaya, kamar barci yake..."

Sai kukan da ya danne tun ranar ya ƙwace masa. Ta jawo kansa kafaɗarta, ita ce yau mai rarrashi.

Ba su ji shigowar Inna ba. Ta daɗe tsaye tana kallon tsamiyar, sannan ta zauna a bakin gado a hankali.

"Halilu," ta ce ƙasa-ƙasa, "yayarka Marka, da ta rasu tana goye... an ce mini ita ma gindin tsamiyar aka kai ta. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa gani ba."

Badi'a ta share hawaye, ta juya mata kwamfutar.

"Matso, Inna. Akwai wuri a gefensa."