Washin Kowa-da-Kowa

"Ga su nan, ya ce ki yi sauri."

Ban ɗago ba sai da na ji an dire takalman a kan teburina. Lamba sha bakwai a dunduniya, igiyar hagu mai ƙulli biyu. Ko a mafarki na san takalman Vratko.

Timea ce tsaye a kaina, 'yar shugaban kwamitin gasar, har lokacin tana sanye da kayan gargajiyar da ta shiga fili da su. Rabin sa'a da ta wuce, a gaban mutum dubu huɗu, ita ta miƙa wa Vratko agogon gwarzon wasa, ta sumbaci kumatunsa. Kowace mai miƙa kyauta sau biyu take yi. Ita sau uku ta yi, na ƙirga.

"Shi ya ba ki?" Muryata ko ni ban gane ta ba.

"To da wa zai ba ni? Yana sauri ne, mamarsa ta gayyace mu cin abinci." Ta kalli hannuna da baƙin ƙarfe ya rine, ta taɓe baki. "Sannu da aiki, Slavka. Anya akwai sabulun da ke fitar da wannan?"

Ta fice, ta bar min ƙamshin turarenta a ɗakin da bai san komai ba sai ƙaurin ƙarfe.

Duk garinmu na Poprad an san ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ya fi yarda ka taɓa abincinsa da ka taɓa takalminsa. Vratko kuwa nasa ya fi na kowa. Shekara huɗu, tun da ya karye a idon sawun hagu yana ɗan sha biyar, ba wanda ya taɓa riƙe takalman nan sai ni. Ko Babana, da ya shekara talatin yana wasa wa ƙungiyar ƙasa ƙarafan da ke ƙasan takalman, bai isa ba. Ni na gano cewa ƙafar ta warke a ɗan karkace, sai an ƙara wa gefen ciki na hagu kaifi kaɗan kafin ta kama ƙanƙara idan zai juya. Ba a rubuce yake ko'ina ba. A yatsuna yake.

Shi ne yau ya danƙa su a hannun wata!

Wallahi kishi ciwo ne. Na tuna Madam Hedviga, mahaifiyarsa, ranar da ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana Kanada zai tafi, 'yar nan. Can ma akwai masu washi." Na tuna yadda take kiran Timea "ɗiyata" tun ba a je ko'ina ba. Na duba wayata, ba kira, ba saƙo.

Na kunna injin washi, dutsensa ya fara juyawa.

Ban ɓata takalman ba, kada a yi min ƙarya. Na wasa su tsaf, dama da hagu daidai wa daida, irin wanda nake wa sauran 'yan wasa ashirin da biyu. Tunda ya mai da ni kowa, ni ma na yi masa washin kowa-da-kowa.

Baba yana can ƙurya yana naɗe sandunan hoki. Ya ɗago.

"Na wane ne wannan?"

"Sha bakwai."

"Ba haka dutsen yake kuka ba idan na sha bakwai ne."

"Kunnenka ne, Baba."

Ya kalle ni, ya koma kan aikinsa. Da ma shi bai taɓa son soyayyata da Vratko ba. Kullum cewa yake ɗan hoki baƙo ne, jakarsa a ɗaure take.

Da yamma Vratko ya kira sau shida. Na kifa wayar, na ci miyar kabejina ina haɗiye ta kamar magani.

Washegari wasan kusa da na ƙarshe, mu da 'yan Cek. Duk wanda ya san mu ya san gara mu sha kashi a hannun duniya da a hannun maƙwabtan nan. Fili ya cika maƙil, ganguna na tashi. A layi na sama ga mutanen Kanada masu farautar 'yan wasa su biyar da littattafansu, saboda Vratko suka zo. Madam Hedviga da Timea suna zaune kafaɗa da kafaɗa, gyale iri ɗaya.

Tun a ɗumama jiki na ga yana dudduba ƙafarsa. Na kau da kai.

Minti goma sha ɗaya da farawa, ɗan Cek ya taho a guje da faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo. Vratko ne kaɗai tsakaninsa da mai tsaron ragarmu. Ya karkata hagu zai tare shi, juyin da ya yi sau dubu a gabana...

Ƙafar ta tafi.

Ya zube, ya zarce ya daki katanga da kafaɗa. Jar fitila ta kama a bayan ragarmu. Ɗaya da babu.

Na ga ɗaya daga cikin mutanen Kanada ya sunkuya ya yi rubutu.

Ana busa hutun farko na ruga ɗakin washi. Ban gama rufe ƙofa ba ya turo ta, da safa a ƙafa, takalman a hannu, gumi na ɗiga daga gashinsa.

"Slavi na, duba min. Ina jin na taka wani abu."

Na kasa karɓa.

"Slavka? Minti goma sha biyar gare ni!"

"Ba ka taka komai ba..."

"To ƙafar ce ta dawo." Ya runtse ido. "Tun ɗazu nake jin tsoro. Na ce ko ƙanƙarar ce, na ce ko karayar ce ta tashi..."

"Ni ce."

Ya buɗe ido.

"Ni ce, Vratko! Washin kowa na yi maka!"

"Me ya sa?"

"Ka tambayi wadda ka aiko da su! Shekara huɗu ko Babana ba ka bari ya taɓa, sai ita? Mai sumba uku?"

"Wa na aiko?" Ya ware ido. "Ina fitowa daga fili likitocin gasa suka ja ni gwajin fitsari, awa biyu ina shan ruwa kamar raƙumi! A kan bencina na bar su. Da na dawo ba su, aka ce suna wurinki. Shi ya sa na yi ta kira, ki yi haƙuri ban kawo da kaina ba!"

"Cin abincin fa?"

"Wane abinci? Da abokan wasana na ci taliya a otal, ki tambayi koci!"

Ashe ita ta ɗauko su da kanta. Katin Timea yana buɗe kowace ƙofa a filin nan, ni na fi kowa sani.

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi.

"Na zargi ƙanƙara, Slavka. Na zargi ƙafata. Har na zargi kaina da tsoro. Ke ce kaɗai ban zarga ba."

Na fashe da kuka.

"Kukan ya jira," in ji Baba daga bayana. Ban san ya shigo ba. "Saura minti tara. Hannunki ya ɓata, hannunki zai gyara."

Ina hawaye na wasa su. Vratko ya karɓa, ya fita.

Ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ci ɗaya, ya bayar aka ci ɗaya. Amma uku da biyu suka cinye mu, kuma kowa ya san zamewar nan ce ta jawo. Ya tsaya a kan shuɗin layi, hular kwano a hannu, ana rera taken ƙasar Cek da ta yi nasara, ni kuwa ina leƙe ta bakin ƙofa ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga 'yan jarida ya ce, "Zamewa na yi. Laifina ne."

Baba bai yarda da wannan ba. Ya miƙo hannu, na cire katin aikina daga wuya na ba shi.

"Wanda ya kai fushinsa kan dutse ba ya taɓa takalmin ƙungiyar ƙasa," ya ce. "Ko 'yata ce."

Ban yi musu ba.

Kwana tara ban gan shi ba. Gasar ta ƙare, mun zo na uku. A gari na ji cewa babbar ƙungiyar Kanada ta fasa, wata ƙarama ce ta ɗauke shi gwaji na shekara ɗaya. Na koma ɗan shagonmu na bayan kasuwa ina wasa wa 'yan makaranta takalma, duk ƙarar ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar ta buɗe. Shi ne, takalman rataye a wuya. A waje Madam Hedviga na zaune cikin mota, fuska a murtuke.

"Na kawo ta ta gani da idonta," ya ce. "Ita ta gaya wa Timea inda bencina yake. Na ce mata can ma akwai masu washi, gaskiya ne, amma ba su san ƙafata ba."

"Vratko, na jawo maka asarar..."

"Kin jawo." Bai sassauta ba. "Kwana tara ina ƙoƙarin in tsane ki, abin ya ƙi. Sharaɗi ɗaya gare ni, zuciyata. Idan kishin ya motsa, ki zo ki mare ni, ki fasa min waya, ki kira ni duk sunan da kika ga dama. Amma ki tambaye ni kafin ki kunna inji."

"Sau uku fa ta sumbace ka," na ce cikin hawaye.

"Kin ga! Har yanzu tana ƙirge!" Ya yi dariya, ya goge min fuska da babban yatsa. "A watan takwas zan tafi. Ba na son tafiya da budurwa a waya, da mata nake so. Za ki?"

Na zare takalman daga wuyansa, na ɗora na hagu a kan dutse, na karkata shi ɗan kaɗan yadda yatsuna suka sani.

Baba yana ƙurya da jaridarsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya kasa kunne har tartsatsin ya lafa.

"To," ya ce. "Yanzu na ji sha bakwai."