Wadda Ta Raka Ni Majami'a

Ni ce nake jagorantar addu'ar mata a ƙauyenmu, kusa da garin Sahiwal a Pakistan, kuma ni ce na sa suka ƙona layunsu a gaban fasto. Amma da ciwon mijina Inayat ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na saci jiki na je wurin boka, ya ba ni laya na ɗaura a damtse.

Bayan mako uku, ranar Juma'a da magariba na bi ta gonar rake zan je majami'a. Sai na ji tsuntsaye sun yi tsit, wani ƙauri kamar na ƙonannen gashi ya tare hanya. Wata tsohuwa ta jero da ni, mayafinta ya rufe fuska.

“Baji Sosan, yi mini addu'a,” ta ce. Baji, wato yaya, haka mata suke kirana.

Na fara, “Ubanmu wanda ke cikin sama,” tana bi da murya irin tawa sak. Da na kai “ka cece mu daga Mugun,” harshena ya sarƙe. Na duba hannuna, ashe layar na damƙe, ba gicciyen wuyana ba.

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. “Kunyar me kike ji, 'yar'uwa? Ke kika kira ni. Mako uku ke nan ina durƙusawa kusa da ke.”

Na sunkuyar da kai don kunya, a nan na ga ƙafafunta. Tana fuskantata, amma yatsunta baya suke kallo.

“Mu je,” ta ce. “Mata na jiranmu.”