Sarƙar da Sharhabil Ya Gwada

Tambaya ce ta kai Samira shagon maƙeran nan na Unguwar Sarki, ba ciniki ba. Malamar lissafi ce a wata sakandare a Doka. Shekara biyu tana tara ɗan abin da ya ragu daga albashinta, tana kallon darajarsa na zaizayewa a banki.

Saurayin da ke zaune bayan sikeli ya ajiye zoben da yake gogewa, ya amsa sallamarta.

Ta ce, "Don Allah, in mutum zai adana kuɗinsa, gwal ya fi ko azurfa?"

"Hajiya, yaushe za ki buƙaci kuɗin?"

"Ban sani ba."

Ya turo mata kujera. "To zauna, amsar tana da ɗan tsawo."

Sunansa Sharhabil, kuma tun daga kakansa azurfa suke ƙerawa. Ya ce mata gwal ba ya cin wuri, farashinsa a natse yake tafiya, kuma duk ranar da ta matsu za ta samu mai saye kafin la'asar. Azurfa kuwa da kuɗi kaɗan ake farawa, sai dai farashinta yana tsalle sama da ƙasa, don masana'antu na cin ta, har a farantan sola.

Ya ce, "Kuma in ajiya kike nufi, kada ki sayi mai ado da yawa. Ranar sayarwa ba wanda zai biya ki kuɗin aikina."

"Ai kana korar ciniki ke nan."

"Gara ki dawo mini da wata tambayar da ki dawo da fushi."

Ta kuwa dawo, ranar Talata, ta sake dawowa ranar Asabar. Giram biyu na gwal kawai ta saya, amma tambayoyinta ba su ƙare ba, shi ma bai gaji ba. Kafin damina ta sauka sun koma musayar saƙo.

"Malamata, yau azurfa ta faɗi, gwal ya tsaya cak. Ni kuwa tun safe hankalina yana Doka."

"Maƙerina, ka kula da wuta kada ka ƙona yatsa. Wai me ke sa azurfa yin baƙi?"

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Mamman, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi, sai ya girgiza kai.

"Ban raina sana'a ba, Samira. Amma mai zuga wuta a ɗan shago, da me zai riƙe ki?"

Shi Idris yake so mata, ɗan amininsa, mai kawo gwal daga Dubai. A makon ne ma Idris ya aiko mata da sarƙa mai nauyi. Samira ta juya ta a hannu, wani tunani ya faɗo mata: in da jabu ce fa? Da ta samu abin gaya wa Baba.

Ta kai wa Sharhabil. Ya goga sarƙar a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. Zanen bai gushe ba.

Ya ce, "Gwal ne mai kyau, karat ashirin da biyu. Wa ya ba ki?"

"Idris. Wanda Baba yake so na aura."

Ya naɗe sarƙar a tsanake, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. "Bai cuce ki ba. Allah ya sanya alheri."

Daga ranar saƙonsa ya ɗauke. Kwana tara Samira tana koyarwa, wayarta na kife a kan tebur, tana ɗaga ta tsakanin darasi da darasi. A na goma ta rubuta:

"Na mayar wa Idris da sarƙar tun ranar. Fatana ta zama jabu ne, kai kuma ka ƙi taya ni ƙarya."

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar.

"Na ɗauka sallama kika zo yi mini. Ki yafe ni, sanyin idona. Amma ko gobe kika kawo ta, abin da zan faɗa ke nan."

Samira ta durƙusa gaban mahaifinta ta kwashe labarin duka ta gaya masa, har da abin da ta so ya faru. Washegari da hantsi Alhaji ya ɗauki hularsa ya fita, sai bayan azahar ya dawo ya kira ta.

"Na je wurin yaron nan, ban faɗa masa ko ni wane ne ba. Na ce zan zuba kuɗin sallamata gaba ɗaya a azurfa."

Ta ce, "Me ya ce, Baba?"

"Ya hana ni. Wai in ware na magani da na cefane tukuna, sauran in riƙa saye kaɗan-kaɗan, kuma in zaga shago uku in ji farashi kafin in dawo nasa." Alhaji ya gyara zama. "Nan na faɗa masa ko ni wane ne, na ce ya turo magabatansa."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren a masallacin unguwa. Da yamma, da za a kai amarya, Alhaji ya rako ta har bakin mota, abin da bai yi wa yayyenta ba. Ya dafa kanta ta saman mayafi.

"Na yi kuskure a kan mijinki, kuma ban taɓa jin daɗin kuskure irin wannan ba. Ki riƙe shi da gaskiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Samira ta so ta ce amin, kuka ya hana ta. Matan da ke cikin motar suka amsa mata.