Wata Bakwai Kafin Sha Takwas

"Wallahi ba zan sa hannu ba!"

Auta ce ta faɗi haka, jaririyarta 'yar wata huɗu manne a ƙirjinta. Takardar sallama jaririyar na kan teburin falo, an ɗora mata biro. Gwaggo, yayar Abbanta, wadda ta shekara ashirin a gidan miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba, tana zaune da sabon zanen goyo a cinya.

"Ji min yarinya!" in ji Umma. "Rufa miki asiri ake son yi. Gwaggonki ta tafi da ita ta riƙe, ke ki koma makaranta, bakin mutane ya mutu."

"Umma, 'yata ce fa..."

"Da izinin wa kika samo ta?"

Abba ya miƙe. Tun ranar da ciki ya bayyana ya daina kiran sunanta, sai dai ya ce "waccan". Ya ɗauki hularsa, sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, "Ranar Asabar Yaya za ta koma gidanta, kuma da yarinyar za ta tafi."

Gaskiya dai a faɗe ta, Auta ta tafka kuskure, ita ma ta sani. Wanda suka yi kuskuren tare mai gyaran waya ne a ƙarƙashin benen kasuwa, abokai na ce masa Injiniya, shi da ko sakandare bai ƙarasa ba. Amma a yaba masa, bai gudu ba. Sau uku yana turo manyansa neman aure, sau uku Abba yana nuna musu hanya.

Washegari Auta ta fita kai jaririya rigakafi, ta ratse ta teburin Injiniya. Yana jin labari ya ajiye wayar da yake kwancewa.

"Shi ke nan, ki fito kawai! Na kama ɗaki, ni da hannuna na shafa fenti. Yau ma in kin shirya."

"Bari in yi tambaya tukuna," ta ce. "Nas ta kwatanta min wani ofis da ake ba da shawarar doka kyauta."

Ofishin na hawa na biyu, fanka ta mutu, fayil-fayil sun cinye rabin benci. Lauyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta bar ta ta zazzage cikinta tas.

"Shekarunki nawa?"

"Sha bakwai da wata biyar."

"Shi fa?"

"Ashirin da ɗaya."

Lauya ta cire tabarau ta murza ido. "To saurara, 'yata. Kina sa ƙafa a ɗakin da ya kama, mahaifinki ya kai ƙara, ke a maido ki gida, shi a rufe shi. Kuma tsohuwar magana ta tashi, ta yadda aka yi aka samu wannan baiwar Allah."

"Aure fa?"

"Sai da yardar mahaifinki."

Auta ta yi wata dariya wadda ta fi kuka ciwo. "An ce ana zuwa kotu, alƙali ya ba yarinya 'yancin kanta."

"Ana zuwa. Zai tambaye ki inda za ki kwana da abin da za ku ci. Kina da sana'a?"

"Ina ɗan taɓa kitso."

"Ɗan taɓawa ba ya ciyar da baki biyu a gaban alƙali. Kuma yadda shari'u suka yi layi, kafin a kira taki kin cika sha takwas."

Duk da haka Lauya ta ɗaga waya ta kira wani gida da ake saukar 'yan mata masu goyo. Auta na kallon bakinta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Gado sha biyu gare su, masu jira sun haura talatin.

Nan hawaye suka ɓalle mata. "Yanzu fa daga asibiti nake, ni na cike fom aka yi wa 'yata allura, ba wanda ya tambayi Abba. Amma in ce zan fita da ƙafata, sai a ce ni yarinya ce? Na isa uwa, ban isa mutum ba?"

"Haka dokar take, ba ni na rubuta ta ba," in ji Lauya a hankali. "Abu ɗaya ke hannunki. Yarinyar nan taki ce, ba mai raba ku sai da sa hannunki ko umarnin alƙali. Zan rubuta wa mahaifinki wasiƙa in shaida masa haka. Amma ranar da kika gudu, kin ba su hujjar cewa ba ki da matsugunin da za ki riƙe ta. Ki zauna a gida wata bakwai. Yaron nan kuma ya yi nesa da ke, don kansa."

Da ta koma ta gaya wa Injiniya, fuskarsa ta canza.

"Wata bakwai? Ko gaisuwa babu? Haba Auta! Wata mata da ba ta san mu ba ita za ta tsara mana rayuwa? Ki faɗa min, ni kika zaɓa ko lauya?"

Ta juya masa baya don ya ga mai barci a goye. "Ita na zaɓa. Don Allah ka jira mu."

Bai ce zai jira ba, bai ce ba zai jira ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance wayar mutane.

Wasiƙa ta iso ranar Juma'a. Abba ya karanta a tsaye. "Ni? Ni za a aiko wa takardar lauya a cikin gidana?" Gwaggo kuwa ta ninke zanen goyonta ta tafi tana sharar hawaye, har sai da ta ba Auta tausayi.

Wata bakwai a baki ba wuya. A gidan da ba mai amsa gaisuwarka, kowace rana shekara ce. Aka karɓe wayarta. In an yi baƙi, a tura ta ɗaki a ja ƙofa. Ko wanka za ta shiga, sai ta shimfiɗa yarinyar a bakin ƙofar bayi inda za ta riƙa jin motsinta, don tsoro bai taɓa sakinta ba. Ta rame, wuya ya fito, amma ba ta tsallake ƙofar gida da niyyar gudu ba ko sau ɗaya.

Ranar da ta cika sha takwas, da hantsi, ta goya 'yarta ta ɗauki jaka. Ta durƙusa ta yi wa Umma sallama. Umma ta kau da kai, kafaɗunta na girgiza, ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba.

A ƙarƙashin bene, wani baƙon saurayi ta tarar a teburin Injiniya.

"Ai ya sayar min da wurin wata uku ke nan," ya ce. "Ya koma garinsu, an ce har an sa masa rana. Yakan kira dai jefi-jefi. Wa zan ce ta zo?"

Auta ta daɗe tsaye, masu dako na ture ta hagu da dama. Ta waiwaya ta dubi 'yarta a goye, sannan ta ce:

"Ka ce masa 'yarsa ta fara takawa."

An ce mahaƙurci mawadaci. Auta dai ba ta wadata ba: gida ya tafi, masoyi ya tafi, makaranta ta tafi. Abu guda haƙurinta ya tsare mata, shi ne wanda ta yi haƙurin dominsa. 'Yan mata, ku ji da kyau: mai cewa "ki fito kawai" ba lallai ya iya jiran wata bakwai ba, kuma daɗin rana ɗaya kan bar mutum da kayan da zai ɗauka shi kaɗai. Ta share fuska, ta ƙara ɗaure goyonta tamau, ta shiga layin masu kitso tana tambaya shago-shago ko akwai mai neman 'yar aiki da goyo.